Ɓawo a Cikin Gara

Duk unguwar da ke bayan tashar Tambuwal an san Zahara'u da hannunta a girki, an kuma san ta da bakinta. In ta ɗora tukunya, maƙwabta kan fara wanke kwano tun kafin a aiko musu; in kuwa ta buɗe baki a kan mutum, sai ya gwammace ta ɗauki muciya ta buga masa. Mijinta Haliru fataucin lemu yake yi. Yana ɗauko shi daga Binuwai a manyan motoci, ya sauke a bakin titi, masu baro da masu tire su zo su sara. Da suna sabon aure sun zauna a Gboko na wasu shekaru, kuma a can ne wata maƙwabciyarta 'yar Tibi ta koya mata yadda ake mayar da ɓawon lemu alawa.

Mahaifiyarsu ta rasu ƙanwarta Anisa tana rarrafe, don haka a bayan Zahara'u yarinyar ta girma. Ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta makaranta, ita ta yi faɗa da duk wanda ya harare ta. Da wani malamin gona ɗan Kebbe mai suna Jamaluddeen ya fito neman Anisa, yarinya kuma ta nuna shi take so, Zahara'u ba ta hana ba. Sai dai ba ta ɓoye wa kowa cewa a ganinta ƙanwarta ta fi ƙarfin zaman Kebbe ba.

Ranar da aka kawo lefe, wata dattijuwa ce ta jagoranci matan Kebbe, doguwa, siririya, marar yawan magana. Gwaggo Batula ke nan, yayar mahaifin ango, wadda ta riƙe Jamaluddeen tun yana ƙarami. Ana ta ɗaga kaya ana sa albarka, sai Zahara'u ta zaro wata atamfa ta ware ta sama.

"Ikon Allah! Ashe har yanzu ana buga irin wagga? Rabona da ganinta tun ina budurwa."

Matan Tambuwal suka yi dariya. Batula ta miƙa hannu ta karɓi atamfar, ta ninke ta a kan cinyarta a tsanake, ta mayar cikin akwati.

"Mu can abin duniya a hankali shika iso muna," in ji ta.

Ita ce ta zaɓo atamfar da hannunta. Zahara'u ba ta san haka ba, kuma ko da ta sani ba lalle ne ta yi shiru ba.

Da biki ya matso aka shiga haɗa gara. An yi alkaki, an yi nakiya, an soya dubulan da cincin, ga buhun shinkafa da jarkar mai da ƙwaryar man shanu. Zahara'u ta dubi kayan ta ga babu abin da ba a gani a garar kowa. Ita kuwa so take ranar da aka buɗe garar Anisa a Kebbe a daɗe ana zancenta. Sai ta ce wa Haliru ya ware mata lemu mai kaurin fata daga motar da ta iso.

Lemun Binuwai ko ya nuna fatarsa kore-kore take zama, don haka sai da ta zauna ta tsince masu ruwan ɗorawa. Ta wanke su da ruwan ɗumi, ta riƙa tsaga fatar da bakin wuƙa tana ɓare ta da babban yatsa don kada ta yage. Lemun da ta ɓare ta yi ta rabawa a unguwa har mutane suka fara cewa ya isa. Sannan ta ɗauki cokali ta kankare farin nan mai laushi da ke manne a cikin ɓawon, wanda shi ne uwar ɗaci, ta yayyanka ɓawon siri-siri. Kafin ta gama, yatsunta sun yi jawur, ruwan ɓawon yana shiga ƙarƙashin farce yana cin ta kamar barkono.

Ta zuba a tukunya ya tafasa ta tsiyaye, ta sake zuba wani ruwan ya tafasa ta tsiyaye. Tana yi tana ɗanɗanawa tana tofarwa, har ɗacin ya koma ɗan kaɗan, irin wanda ake so ya rage a ƙarshen harshe. Ta jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana. Washegari ta narka sukari, ta jefa citta da kanumfari, ta janye itace ta bar garwashi kawai, ta zuba ɓawon ta zauna gadinsa. Ba a juya shi da ƙarfi, ba a kuma barin sa. Tana cikin gyara tukunyar ruwan sukarin ya fallatso mata a wuyan hannu, wurin ya tashi ya ɗuri ruwa. Ta shafa man shanu ta ɗaure da ƙyalle ta koma bakin murhu. Ba ta sauke ba sai da ta ɗaga guda ɗaya ga rana ta ga haske yana ratsa shi.

Shanya ce ta fi ba ta wuya, domin ƙarshen damina ne, iska da laima, alawar sai ta yi ta naso. In rana ta fito ta fitar da faifayan, in hadari ya taso ta kwashe a guje. Ta lulluɓe su da gidan sauro saboda ƙudan zuma, ta tsoma ƙafafun tebur a gwangwanayen ruwa saboda kiyashi. Da ta bushe yadda take so, ta mirgina ta cikin sukari, ta jera a sabon farin bokiti mai murfi. Ɗan abin da ya rage ta zuba a wata 'yar roba ta ajiye.

Inna Atu, ƙanwar mahaifiyarsu, ita ce za ta jagoranci kai garar. Ta ɗauki guda ta tauna, ta gyaɗa kai, ta sake ɗaukar wani.

"Zahara'u, wanga abu na da daɗi, ban musa ba. Amma sunanai ɓawo. Ki bar muna shi nan gida mu ci abinmu."

"Inna, alkaki da nakiya kowace gara akwai su. So nika su buɗe su ga abin da ba su taɓa gani ba."

"Surukai ba a gwada masu sabon abu. Abin da sunka sani shi aka kai masu."

"To bana sai su waye," in ji Zahara'u, ta danne murfin bokitin.

Aka yi biki lafiya, aka kai amarya. Da lokacin gara ya yi, Inna Atu ta ɗebi mata suka cika mota suka tafi Kebbe. Zahara'u ba ta bi su ba, tunda ita ce a matsayin uwa. Ta yini tana leƙen ƙofa. Da suka dawo da la'asar sakaliya ta tare su da murna tana tambaya, Inna Atu ta ce, "An karɓa," ta ce kuma bayanta ke ciwo, ta wuce gida ko ruwa ba ta sha ba. Sauran matan ma kowacce ta samo uzuri.

Washegari da hantsi, gidan cike da maƙwabtan da suka zo kwashe tukwanen da aka ara, sai aka ji babur ya tsaya, aka yi sallama. Zahara'u ta zura hijabi ta fita zaure. Wani ɗan kabu-kabu ne daga Kebbe, ƙafafunsa duk taɓo, ya ajiye farin bokiti a gabanta yana kallon ƙasa.

"Hajiya, ni ɗan aike na, kada ki ga laifina. Gwaggo Batula ta ce a gaishe ki. Ta ce awakinsu sun ƙoshi, a ba na Tambuwal."

Ya juya ya tayar da babur ɗinsa tun kafin ta ce komai.

Ta buɗe murfin. An zuba dusa a kan alawar, an kwaɓa da ruwa, irin yadda ake haɗa wa dabba. Sukarin ya narke, ɓawon ya jiƙe ya yi laɓe-laɓe a cikin dusar, har ya fara tsami. Da ta waiwaya, mata uku suna tsaye a bayanta riƙe da tukwanensu. Ta san kafin azahar labarin ya kai bakin kasuwa.

Da Haliru ya shigo cin abinci bai sami abinci ba, ya sami bokiti a tsakar gida da matarsa zaune a gabansa. Ya saurare ta har ta gama, ya shafa gemu.

"Abin bai yi daɗi ba. Amma ki bar muna shi, mu maza. Zan kira baban yaron, in aika masu da buhun lemu, magana ta mutu."

"Ka aika da lemu? Baban Ziyad, in ka aika da lemu ka amsa ke nan cewa shara nig kai masu!"

"Ban ce shara ta ba. Cewa nika yarinyar nan tana hannunsu."

"Don tana hannunsu sai su taka ni in yi shiru? Dubi hannuna." Ta kwance ƙyallen ta nuna masa ƙunar. "Wanga duk don awaki nig yi shi?"

"Zahara'u, na san bakinki. Kada ki tafi Kebbe."

Ta kira wayar Anisa ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta aika a tambayi Inna Atu abin da ya faru a wurin buɗe gara, aka dawo aka ce tana kwance. Da safe, Haliru yana fita wurin sauke kaya, ta jefa 'yar robar nan ta ragowar alawa a jaka ta nufi tasha. Niyyarta ɗaya: sai Batula ta sa alawar nan a bakinta a gaban mutane, sannan ta maimaita maganar awaki in ta iya.

Ruwa ya ɓata hanya. Motar da ta shiga ta kafe a wani kwari, aka sauke fasinja, ta ƙarasa a kan babur tana riƙe da jakarta a ƙirji, taɓo yana fallatsar mata a zane. Duk ramin da suka faɗa sai ta ƙara wata magana a kan waɗanda ta tanada.

Gidan su Jamaluddeen babban gida ne na gandu, da rumbuna a jere da turken awaki a gefe. Ta yi sallama, matan da ke tsakar gida suka amsa a ciki-ciki, wata ta nuna mata ɗakin amarya da haɓa. Ta tarar da Anisa zaune a bakin gado a tsakiyar sabon jerenta, lalle bai goge a ƙafarta ba, idanunta sun kumbura. Tana ganin yayarta ta miƙe ta ja ta ciki ta saki labule.

"Yaya, mi ya kawo ki? Don Allah wa ya ce ki zo?"

"Wayarki ta lalace na? Ina tsohuwar take?"

"Ki yi a hankali, ana ji." Anisa ta riƙe hannayenta biyu ta zaunar da ita. "Ki saurare ni. Akwai abin da ba ki sani ba. Ni ma jiya maigidan ya gaya mani, kuma sai da ya sa nig rantse ba ni faɗa ma kowa."

Ta rage murya har sai da Zahara'u ta sunkuyo. A wata shekarar yunwa, tun Gwaggo Batula tana yarinya, mahaifinsu ya rasa abin da zai ba iyalinsa. Aka riƙa ganin sa a bayan kasuwa yana tsintar ɓawon rogo, a kai gida a shanya a daka a tuƙa. Tun daga lokacin 'yan gari suka laƙaba wa gidan suna, Gidan Ci-ɓawo. Daga baya Allah ya buɗa musu, suka yi shanu, suka yi gonaki, ba mai iya faɗin sunan a gabansu. Amma babu tsohon da bai san shi ba a Kebbe.

"Ranar garar gidan cike yake da mata," in ji Anisa. "Anka buɗe bokitin, wata ta ce ma Inna Atu, wanga fa mi na? Inna ta ce alawar ɓawon lemu ta. Sai wuri ya yi tsit. Can wata ta kasa riƙewa ta tuntsure da dariya, sauran sunka rufe baki da mayafi. Gwaggo tana zaune tana kallonsu."

Maganganun da Zahara'u ta tara a hanya suka watse.

"Wallahi ban sani ba, Anisa."

"Na sani, Yaya. Amma ita gani taka da gangan kinka yi, saboda abin da kinka ce ranar lefe. Ki tafi ki ba ta haƙuri. Ki ce kuskure na, ba ki san ba a kai irinai gara ba. Amma don darajar Allah kada ki nuna kin ji wanga labari. In ta gane daga bakina ya fita, na shiga uku."

Ba da haƙuri ba abin da Zahara'u ta saba ba ne, amma ta dubi fuskar ƙanwarta ta ce to.

Batula tana ƙarƙashin rumfa a kan tabarma tana tsince wake a faifai, matan gidan da wasu maƙwabta suna kewaye da ita. Labarin zuwan baƙuwa ya riga ya zaga, mata suna ta shigowa kamar masu neman aron wuta. Zahara'u ta cire takalmi ta durƙusa a gefen tabarmar.

"Gwaggo, ina wuni."

Batula ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta juya ga wata ta tambaye ta ko an kai wa masu aikin gona fura. Aka ce an kai. Ta tambaya ko an ɗaure ɗan maraƙin nan. Aka ce an ɗaure. Zahara'u tana durƙushe, tsakuwa tana cin gwiwarta, tana jin idanun mata a bayan wuyanta.

"Gwaggo, ina gaisuwa."

"Au, mutanen birni na? Ku ba ta kujera mana, kada ƙasarmu ta ɓata mata zane."

Ba wanda ya motsa. Zahara'u ta gyara durƙuso.

"Na zo kan maganar bokitin nan. Wallahi ba da wata manufa nig sa shi ba. Alawa ta, can inda munka zauna abin marmari na, baƙo aka ba. Ki yi haƙuri in ya ɓata maki rai."

"In ya ɓata mani rai." Batula ta ajiye faifan. "Mijinki mota-mota shika sauke lemu, duk ƙasar nan an sani. Ko ƙwaya ɗaya ba ta iso gidanga ba. Kun shanye ruwan, kun tattaro abin da aka zubarwa, kun barbaɗa mai sukari, tunda mu ƙauyawa na ba mu ganewa. Ranar lefe kin ce zanenmu ya tsufa, nig yi shiru. Shi na kinka ga bari ki ƙara."

"Ba haka na ba, Gwaggo. Ga shi ma na zo da ragowar." Zahara'u ta zaro 'yar robar ta buɗe, ta miƙa da hannu biyu. "Ki ɗanɗana ko guda, ki ji in abin wulaƙanci na."

Batula ta dubi robar, ta dubi matan da ke tsaye. Sai ta kai bayan hannu ta make ta. Alawar ta watse a tsakar gida, sukarin yana ƙyalli a cikin ƙasa, kaji suka rugo suna tsattsaga.

"A gabana kuma? A cikin gidan ubana za ki miƙo mani shi?"

Hannun da bugun ya samu shi ne mai ƙunar. Zahara'u ta ji zafin har cikin kanta. Duk da haka ta cije, ta tuna da wadda ke bayan labule, ta fara tattara murya don ta sake ba da haƙuri. Batula ba ta jira ba.

"Ba laifinki na ba. Ɗiyar da uwa ba ta koya ma komi ba, ina za ta san abin da aka kai ma mutane? Kowace ƙwarya abin gidansu taka ɗaukowa. Wa ya sani ko uwar taku ma da shara ta saba cika maku ciki kafin ta tafi."

Wata daga cikin matan ta ce, "Haba Gwaggo, mamaci fa." Amma Zahara'u ta riga ta miƙe tsaye. Ta karkaɗe gwiwoyinta a hankali. Muryarta ta fito a sarari, yadda har na zaure zai ji.

"Uwata dai har ta koma ga Allah ba a taɓa ganin ta bayan kasuwa tana tsince-tsince ba. Ni nig yi wauta. Da na san gidan da za a kai shi, da ban ɓata sukarina ba. Ai ku ɓawo ba sai da sukari ba. Gado na."

Ko kajin sai da aka ji motsinsu. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce innalillahi. Wasu matan suka sulale suka nufi ƙofa, kowacce da abin da za ta kai gida.

Batula ba ta tashi ba. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai.

"Wani ƙanena a bayana ya mutu shekarar yunwar nan. Ina goye da shi." Sannan ta ɗaga kai, amma ba Zahara'u ta duba ba, ƙofar ɗakin amarya ta duba. "Mutumin Tambuwal bai san wagga magana ba. Daga cikin gidanga ta fita. Tun lalle bai goge ba an fara kwasar asirinmu ana kai ma dangi."

Labule ya ɗaga. Anisa ta fito ba ko mayafi, ta zube a gaban Batula tana kuka tana roƙon gafara. Batula ta janye ƙafarta. Ganin ƙanwarta a ƙasa ya ƙara tunzura Zahara'u, ta sunkuya ta kama damtsenta.

"Tashi! Ba a yi gidan da za ki durƙusa haka ba ina raye. Ɗauko mayafinki mu tafi."

Anisa ta fizge hannunta. Zahara'u ba ta taɓa ganin irin wannan kallon a idonta ba.

"Sake ni. A ɗaki nig gaya maki, na haɗa ki da Allah. Ke yanzu za ki hau babur ki koma Tambuwal, a ce Zahara'u ta rama. Ni za a bari da su."

"Uwarmu ta zaga, Anisa. Kina ji."

"Na ji. Ni ma uwata ta. Ki tafi, Yaya."

"Ni kika kora? Ni da nig goya ki?"

"Kin goya ni, kin sauke. Ki tafi."

Zahara'u ta tsaya kamar wadda aka watsa wa ruwa. Ta nemi takalmanta ta sa, ta ɗauki jakarta. A zaure ta yi kiciɓis da Jamaluddeen, an kira shi daga wurin aiki, yana haki. Ya rusuna kaɗan kamar yadda ya saba, bai dubi fuskarta ba, ya ce Allah shi kiyaye hanya, ya wuce ciki.

Maza suka yi abin da suka saba. Haliru ya ɗauki dattawa biyu suka je Kebbe, aka zauna a zaure, aka yi ta Allah ya huci zuciya, aka shafa fatiha. Aure bai mutu ba. Sharaɗi ɗaya Batula ta kafa, mahaifin Jamaluddeen kuma bai iya musa wa yayarsa ba: muddin tana numfashi, ƙafar Zahara'u ba ta ƙara taka gidan. Haliru ya dawo ya faɗa wa matarsa, ya ƙara da cewa ai ya gaya mata. Suka yi kwanaki ba sa magana sai ta dole.

Abin da Anisa ta sha a gidan, a bakin mutane Zahara'u ta riƙa jin sa. An ce ta daɗe in ta fito tsakar gida sai hira ta mutu. An ce ita ke yi wa Batula wanki da shara ba a sa ta ba, tsohuwar ba ta ko amsa gaisuwarta, sai da aka ci rani aka shiga wata damina sannan ta fara ce mata sannu. Zahara'u ta yi ta kiran waya. Wani lokaci a ɗauka, a gaisa a taƙaice, Anisa ta ce tana da aiki a wuta.

Da Anisa ta haihu, a Kebbe aka yi suna, Zahara'u tana Tambuwal. Bayan suna aka kawo mai jego gida wanka, amma ba gidan Zahara'u aka sauke ta ba, gidan Inna Atu aka kai ta, can ƙasan gari. Wata maƙwabciya ce ta faɗa mata a bakin famfo, tana yi tana kallon fuskarta.

Ta yini tana cewa ba za ta je ba. Da la'asar ta haɗa yaji da kayan jarirai ta tafi. Ta sami Anisa a ɗakin Inna Atu, ta yi ƙiba, ta yi haske, ta zama babbar mace. Ta gaishe da yayarta da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa matar maƙwabci, ta karɓi kayan ta ce an gode, Allah shi saka, ta tura su gefe ba ta buɗe ba. Inna Atu ce ta ɗauko jaririyar ta ɗora wa Zahara'u a cinya.

Yarinyar tana barci, ta dunƙule hannu. Goshin mahaifiyarsu ne sak, Zahara'u ta gani, ta buɗe baki za ta faɗa, ta fasa.

"Wane suna anka sa mata?"

"Batula," in ji Anisa.

Inna Atu ta tashi ta ce bari ta duba ruwan wanka. Zahara'u ta gyara wa jaririyar hula duk da ba ta karkace ba.

"To. Allah shi raya. Mi kuka ce mata?"

"Gwaggo muka ce mata."

Jaririyar ta motsa, ta yamutsa fuska, ta fara neman kuka. Zahara'u ta ɗan jijjiga ta, ta rasa da sunan da za ta lallashe ta. Anisa ta miƙo hannu biyu.

"Kawo ta, Yaya. Ba ta saba da ke ba."